Yadda Babanku Ya Zagaya Ostareliya da Dusar Kakarku

Takuro, ajiye wayar nan. Sumire, bar wanke-wanken, ba shi na kira ki yi ba. Ku matso nan kusa da ni ku buɗe kunne, don ba zan maimaita ba. Babanku na tura shi aski, kuma kun san shi, sai ya gama ba mai askin labarin teku kaf kafin ya bari a taɓa masa kai, saboda haka muna da lokaci. Na san ya riga ya faɗa muku nasa ta waya. Yanzu ku ji na wadda ta tsaya a bayansa a layi.

Tunda kun koma cin abin kanti, bari in tuna muku mece ce tukunyar nan da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke tun kafin a haife ku. Dusar shinkafa ce da gishiri da ruwa, ba wani abu ba. Amma kakata ce ta fara kwaɓa ta, ta ba uwata, uwata ta ba ni. Da yamma in binne kokwamba da gauta da karas a cikinta, da safe in tono su sun yi tsami, in yanka, in ajiye yanka biyu gaban hoton uwata, sauran mu ci da shinkafa. Abu ɗaya dusar ke nema: a sa hannu a juya ta kullum, ƙasa ta dawo sama. Ka yi mata sakaci ta yi fari ta ruɓe. Shekarar ambaliya, uwata ita ta ɗauka a ka, ta bar keken ɗinki a cikin ruwa. Ban yi boko mai nisa ba, amma na san abin da ake ɗauka a ka da abin da ake bari.

Shi kuma babanku, kun san aikin da ya yi har ya tsufa: karɓar kuɗin fito a hannun masu kekuna, a ɗan jirgin da ke tsallaka mashigin nan namu na Onomichi zuwa tsibirin da muke hangowa ta taga. Tafiyar da kafin ka gama kunna sigari an iso. Bai taɓa riƙe sitiyari ba. Amma tun da ya yi ritaya ya sayi farar hular matuƙa mai hoton angar jirgin ruwa, 'yan unguwa suka sa masa Kyaftin don tsokana, shi kuwa ya ɗauka naɗi ne.

Wata rana ina yanka kabeji ya shigo yana huci.

"Maman Takuro, haɗa kaya. Za mu zagaye Ostareliya."

"Me ta yi mana da za mu zagaye ta?"

"Ke dai ba ki san duniya ba. Jirgi ne kamar unguwa guda, har da wurin iyo a samansa. Tasha-tasha za mu bi, mu gangara ta gabas mu ɓullo ta yamma. Wata biyu da ɗoriya. Na riga na biya."

"To, a dawo lafiya. Wa zai juya mini dusa?"

"Ki ba maƙwabta."

"Kowane hannu da ɗanɗanonsa. Ba na ba bare."

Ya shafa hular, sai na ga idonsa ya kawo haske. Duk ranar da idon babanku ya kawo haske, ku ɓoye abin fashewa.

"Da ita za mu tafi! Kowace tasha muka tsaya in sayi amfanin gonarsu in binne. Mu dawo, ranar walimar unguwa in ajiye musu tsamin nahiya guda a faranti ɗaya. Tun da aka kafa garin nan wa ya taɓa yin haka?"

"Babu. Garin nan na masu hankali ne."

Amma na yarda, kuma ba zan ɓoye muku dalili ba. Ni ma ba dutse ba ce. Ina so in ga ruwan da ba a hango ɗaya gaɓarsa, ko sau ɗaya. Na ce da sharaɗi: hannuna ne zai juya, ba nasa ba. Ya ce ya ji. Ta kunnen hagu ya ji.

Kafin mako ya zagayo babu inda labarin bai kai ba. Ya faɗa a gidan wanka, ya faɗa wa mai kifi, ya tare mai kawo wasiƙa a hanya ya faɗa masa. Hamaguchi mai ɗaukar hoto, na tsallaken titi, wanda suke gasa da babanku tun suna 'yan firamare, yana ji ya je ya yanki tikiti shi da matarsa. Na tambaye shi, "Kai ma Ostareliyar kake son gani?" Ya ce, "A'a, Maman Takuro, Kyaftin nake son gani a kan ruwa na gaske."

Tukunyar ƙasa ba ta shiga akwati, sai babanku ya juye dusar a wata roba mai murfin da ke kamawa gam. Na ce, "Abin nan numfashi yake yi, ka bar masa kafa." Ya ce, "A teku komai sai an ɗaure shi." Robar ta cinye wuri, don haka ya cire wasu kaya daga akwatin ba tare da ya duba ba.

Daga tashar jiragen ruwa ta Kobe muka tashi. Ya tsaya a bakin ƙarfe da hularsa yana yi wa fasinjoji bayanin iska, yana nuna arewa inda kudu take. Muna fita daga lungun teku jirgin ya ɗan yi sama ya sauko. Sau ɗaya. Fuskar Kyaftin ta koma launin kokwambar da ta kwana a dusa. Ya ce zai je ya duba wani abu a ɗaki. Kwanaki ya yi yana duba abin nan, kansa a cikin bokiti.

Hamaguchi ya leƙo da kyamara a wuya. "Kyaftin, ya jiki? In gaya wa matuƙin ya rage gudu?"

Daga cikin bokiti babanku ya ce, "Ba jiri ba ne. Jirgin ne bai iya rawa ba. Namu na fito da tsari yake lilo."

Ranar da ya miƙe ta zo daidai da liyafar da ake sa baƙar kwat a gaisa da kyaftin ɗin gaske. Nan aka gane abin da ya cire daga akwati: takalmansa na fita. Abin da ke ƙafarsa kawai takalmin roba mai tsawo na kamun kifi, wanda ya ce shi matuƙa ke sawa. Na ce ya zauna a ɗaki. Ina juya baya ya bi ni. Ina tsaye a zauren liyafa, fitilu kamar rana, sai na ji ƙat, ƙat, ƙat a bayana. Kwat, nektaye, farar hula, da koren silifan banɗakin ɗakinmu a maimakon takalmin robar. Kun san ko yaron da ya fara tafiya ba ya fitowa da silifan banɗaki zuwa falo. Mata suka riƙa kallon silin don kada su kalli ƙafarsa.

Hamaguchi ya ce, "Kyaftin, daga banɗaki aka wuto kai tsaye?"

"Jahilci ke damunka, Hamaguchi. Matuƙin ƙwarai ba ya sa takalmi mai igiya. In jirgi ya kife, yaushe za ka tsaya kwancewa?"

Wata tsohuwa da ke kusa ta ji "jirgi ya kife", ta nemi kujera.

Mun bar gida ana sanyi, muka tarar mutanen Ostareliya suna tsakiyar zafi, don komai nasu a juye yake. Dusa kuwa in ta ji zafi sai ta tashi. Na ƙara gishiri, ina juya ta safe da yamma, ina ajiye ta a kabad, wurin da iskar sanyi ke busawa. Da an bar ni da ita, da lafiya za ta je ta dawo. Amma Kyaftin ya warke.

A tashar farko, Cairns, ya hawo da mangwaro da abarba. Na ce, "Zaƙi ba ya shiga dusa." Ya ce, "Dusar ƙauye ke nan. Wannan ta zama 'yar duniya." A Brisbane ya binne fiya. A Sidni, mutane suna can suna ɗaukar hoton gada, shi yana kasuwa yana cinikin kilishin dabbar nan mai tsalle da aljihu a ciki. Duk sanda ya tafi ajin koyon rawa, inda yake taka ƙafafun matan mutane, sai in buɗe robar in tono abin da ya binne in zubar. Ya dawo ya tarar babu, ya ce, "Kin gani? Ta cinye! Tana so!" Sai ya ƙaro ninki biyu. Wata rana na kama shi yana tsiyaya mata giya.

"Me kake yi?"

"Ƙishi take ji."

"Kai ne ke jin ƙishi, kuma rabin kwalbar a cikinka take."

Daga nan wari ya fara. Ba tsamin da kuka sani ba, mai sa yawu ya tsinke. Wani wari ne mai bin lungu yana ƙwanƙwasa ƙofofi. Ma'aikata biyu suka zo da akwatin kayan aiki suna neman bututun da ya fashe. Babanku ya tare ƙofa, ya ce shi tsohon ma'aikacin ruwa ne, a saninsa irin wannan wari daga safa yake fitowa, ya nuna musu ɗakin Hamaguchi. Suka je suka birkice wa mutumin kaya. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Da yamma matar Hamaguchi ta tare ni a matakala. "Maman Takuro, ko an yi rasuwa a ɗakinku ba ku sanar ba?"

Na ce, "Da saura, amma ana shiri."

Mun zagayo ta kudu, ruwan can mai faɗa ne, ya sake kwantar da Kyaftin, na samu na ɗan gyara dusar. Na cire rabin abin da ya lalace, na ƙara gishiri, ta fara dawowa hayyacinta. Sai ya miƙe ya gayyaci mutanen teburinmu ɗanɗano. Ashe ya ɓoye mangwaro ɗaya can ƙasa inda ban kai ba. Ya yanka shi a faranti, ya bi kowa da tsinke. Wani malamin makaranta mai ritaya ya sa a baki, ya daɗe yana murmushi, hawaye na zuba, ya ce, "Abin yana da... zurfi." Ya tashi ya fita, ba mu sake ganinsa a teburin ba.

Hamaguchi ya shinshina nasa ya ajiye. "Kyaftin, tambaya gare ni. Ka ce tsamin nahiya ne?"

"Na nahiya guda."

"To dusar ta taɓa taka nahiyar? Ni dai a kabad nake jin warinta. Ta gefe take wucewa, kamar mai tsoron kare. In muka koma gida, ni zan faɗi gaskiya: tsamin kabad ne."

Na taka wa Hamaguchi ƙafa a ƙarƙashin tebur, amma ihu bayan hari. Idon babanku ya riga ya kawo haske.

Ku sani, kowace tasha kafin a sauka sai an yi shela a lasifika da harshenmu: kada kowa ya sauka da abinci, ko ɗan itace, ko tsaba, ko da ragowar burodi. Mutanen can suna tsoron a kawo wa gonakinsu cuta, kuma ba su da wasa a kai. Har ni da ba na son a ba ni umarni na haddace shelar.

Ranar da muka iso Fremantle, a yamma, da safe na tashi zan juya dusa, sai ya ce, "Je ki motsa jiki da 'yan uwanki a sama, yau ni zan yi miki." Da fara'a. Shekara nawa muna tare, ban taɓa jin ya ce zai yi mini wani abu ba. Nan ya kamata in gane. Na dawo na ga robar a wurinta da murfinta, shi kuma ya shirya, ya ɗaura ɗamarar ulun nan da tsofaffinmu ke sawa a ciki don sanyi, ya rufe da riga. A wannan zafin. Cikinsa ya fito kamar mai wata tara.

"Yaushe ka yi wannan tumbin?"

"Abincin jirgi ne. Ke kin san ana ciyar da mu sau biyar."

Muka shiga layin sauka. Layin ya yi tsawo, rabinsa a rana. Ina bayansa, Hamaguchi da matarsa suna bayana. Muna matsawa, ina ganin rigar babanku tana ƙara ɗamewa. Maɓalli ɗaya ya tsinke ya yi tsalle. Sai iska ta juyo, hancina ya gaya mini komai.

Na ce a hankali, "Baban Takuro, nawa ka ɗebo?"

"Shiru, mace. Hoto ɗaya kawai a kan ƙasarsu, in binne karas ɗinsu a gaban Hamaguchi, mu koma."

"Na ce nawa?"

Ya kau da kai. A cikin leda ya zuba, ya ƙulle bakin tam, ya naɗe a ciki. Ga zafin rana, ga zafin jikinsa, ga giyar da ya ba ta. Ledar tana kumbura kamar balan-balan.

A bakin fita akwai wata jami'a doguwa da ɗan kare mai dogayen kunnuwa. Karen ya wuce mutum, ya wuce mutum, ya zo gaban Kyaftin ya zauna, ya ɗaga kai yana kallon tumbin kamar ya ga uwarsa. Jami'ar ta yi magana. Tafintar jirgi ta matso, babanku ya ɗaga mata hannu.

"Bari, 'yata. Tsakanin ma'aikatan ruwa ba a buƙatar tafinta."

Turancinsa bai wuce na gode ba. Ya faɗe shi sau uku. Jami'ar ta nuna cikinsa. Sai ya yi abin da kowane mutumin kirki a ƙasarmu zai yi in an kama shi da laifi: ya haɗa ƙafa, ya manna hannaye a cinya, ya sunkuya.

Fiiiii, in ji ledar.

Mutanen layi duk suka juyo. Matar Hamaguchi ta sa mafici a hanci. Babanku ya ji kunyar ƙarar, kuma kun san in kunya ta ƙaru sunkuyo ma ƙaruwa yake. Ya sake sunkuyawa, ya fi na farko zurfi. Wani ruwa rawaya ya gangaro ta ƙafar wando.

Na ce, "Kada ka ƙara! Miƙe tsaye!"

Ina! Ya ga kyaftin ɗin gaske yana tahowa. Ya cire hula, ya naɗe kansa biyu har goshinsa ya kusa taɓa gwiwa.

Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba tun ranar da tayar motar mai kifi ta fashe. Dusa ta fita ta wuyan riga, ta fita ta ƙasan ɗamara, ta fita ta inda maɓallin ya tsinke. Ta samu takalmin jami'ar, ta samu farin wandon kyaftin ɗin gaske, wani guntun abarba da ban san da shi ba ya sauka a hular wata mata. Karen ya yi atishawa ya ɓuya bayan uwar ɗakinsa. Abin da nake ji kawai ƙyas, ƙyas, ƙyas, Hamaguchi yana aikinsa da kyamara.

"Kyaftin," in ji shi, "na janye maganata. Ta taka nahiya."

Mutane suka fashe da dariya, har jami'ar ta juya baya kafaɗunta na rawa. Ni ban yi dariya ba. Na durƙusa na kai hannu in ɗebi ko cikin tafi ɗaya, don da cikin tafi ɗaya ana iya tayar da tukunya. Jami'ar ta dafa ni a hankali ta girgiza kai. Suka zo da shebur da babbar leda, suka kwashe kakata da uwata da ni, suka ƙulle. Har hannuna sai da suka sa na wanke a gabansu. Tarar da aka ci shi kuwa, tsakaninsa da aljihunsa, ban tambaya ba.

Na bar shi nan ana goge shi da tiyo, na koma jirgi da gudu, ni da gwiwoyin nan. Na ce ko a gefen robar, ko a murfi, dole wani abu ya maƙale. Na buɗe. Tas. Tana ƙamshin sabulu. Ya wanke ta ciki da waje don kada in gane. Mutumin da tun aurenmu bai taɓa ɗauraye ko kofin shayinsa ba, ranar da ya fara wanke-wanke ke nan.

Sauran tafiyar ba ni da abin faɗa. An ce Darwin akwai kada, ban duba ba. Da safe in farka hannuna ya nufi kabad, in tuna. Shi kuwa kafin mu iso Kobe ya riga ya gyara labarin: wai jami'an sun ɗanɗana ne suka ƙwace don su kai wa masanansu. Haka yake faɗa a gidan wanka, a ƙarƙashin hoton da Hamaguchi ya manna a bango, inda aka gan shi a naɗe biyu dusa na tashi sama. Ya ce hoton bai fito da shi da kyau ba.

To, ga abin da na tara ku a kai. Tun da muka dawo, kokwambar kanti nake ajiyewa gaban hoton uwata, kuma ba na iya kallon idonta. Sumire, ranar da aka kai ki gidan miji na ɗibar miki dusar nan a ƙaramar tukunya. In kina juya ta, to kakarku ba ta mutu a Fremantle ba. Kada ki kalli ɗan uwanki, ni za ki kalla. Tana raye?

To. Na ji daɗi. Share hawayen, ba a gama ba.

Babanku ya riga ya yi wannan lissafin. Ya ce shi ya ɓatar, don haka mutuncinsa ne ya je gidanki ya ɗauko da hannunsa a jirgin ƙasa. Ya kuma ce an gaya masa akwai jirgin da ke zagaye Kudancin Amurka baɗi, kuma yanzu ya gane kuskurensa: leda biyu ya kamata ya sa.

Ni na gama magana da shi. Ku 'ya'yansa ne, ku raba mu. Dusa da Kyaftin ba za su ƙara kwana ƙarƙashin rufi ɗaya ba sai da kwaɗo a tsakaninsu, kuma makullin a wuyana. In ya ƙi, ɗayanku ya tafi da shi gidansa, ni a kawo mini tukunya. Takuro, kai ke da ɗakin baƙi, na ga kana kallon ƙofa. Ku yanke yanzu, don ga ƙarar takalminsa can a kan matakala, kuma daga jin yadda yake taku, idonsa ya kawo haske.